Hoton da Auta Ya Ɗauka

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ina rubuto miki ne raina a ɓace, kuma ƙanenki Auta ne sanadi. Kin san likita ya ce ganin Baba tafiya yake, babu gyara. Abu ɗaya ya roƙa: a kai shi tafkin nan da tsuntsayen ƙasashen sanyi ke sauka, ya gan su tun idonsa na gani. Ranar Asabar muka je, Auta na tuƙi, da kyamarar da kika saya masa rataye a wuya.

A bakin ruwan akwai rumfar katako mai 'yar taga. Mai kula da wurin ya ce in muka yi shiru, agwagin ruwan da kansu za su iyo har gindin rumfar. Baba kuwa sai abu ya zo daf da shi yake gani. Ya kafa fuska a tagar, ko tari ya ƙi yi. Suna ta matsowa, Yaya, har ina jin ƙarar bakinsu cikin ruwa.

Ashe Auta ya gaji. Wai tsuntsu a zaune ba ya kyau a hoto. Ya sulale ya koma mota, ya danna hon, ya ɗaga kyamara. Gaba ɗaya suka tashi suka koma can tsallaken tafki. Baba yana ta juya kai yana tambayata ta ina suke. Mai kula da wurin ya kore mu, kuma ban ga laifinsa ba.

Kada ki ce min yarinta ce. Mai gemu ne. Ku kuka sangarta shi.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki.

*

Yayata,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Na ga amsarki, na kuma ji daɗi da ƙaramar ta warke. Zancen in yi haƙuri kuwa, karanta tukuna.

Da ƙyar na samu hutu a wurin aiki na mayar da Baba, mu biyu kawai a motar haya. Mun makara. Tsuntsayen sun koma ƙasarsu, sai zalɓe guda tsaye can nesa. Aka ce mu dawo baɗi. Baba ya yi godiya, ni kuwa na kasa, don yanzu ko ƙofar ɗakinsa sai ya laluba.

Jiya sai ga Auta da hoton, an wanke shi ƙato, an sa masa gilashi. Gaskiya ya yi kyau, sama duk fukafukai, kuma kyan nasa ne ya fi ƙona min rai. Ya ɗora wa Baba a cinya yana washe baki. Baba ya shafa gilashin daga gefe zuwa gefe, ya kai shi daf da fuskarsa, ya daɗe a haka.

“Kai, suna da yawa,” ya ce. “Allah ya yi maka albarka.”

A juye yake riƙe da shi, Yaya. Auta ya gani, murmushin ya ɗauke, kuma a cikinmu babu wanda ya iya miƙa hannu ya gyara.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki.