Saukowar Dumile

Mtonjeni, hayin Kogin Kei
Maris, 1879

Zuwa ga Malama Nomalizo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Mama da yayanki Dumile da 'yan makarantarki masu ƙiriniya. Ni ma lafiya ƙalau nake, sai ciwon baya da sirdi ya bar mini.

Kin ce in ba ki labarin garin da nake so in kawo ki. Layi ɗaya ne tak. Akwai kantin Bature, da barikin soja, da kotun majistare wadda rufinta ke yoyo daidai kan teburin lauyoyi. Lauyoyin kuwa mu biyu ne, ni da wani tsohon Bature da barci ke kwashewa tun kafin a rantsar da shaida. Jiya na kare wani dattijo da aka ce ya saci tunkiya. Na zuba bayani har majistare ya ajiye alƙalami yana kallona, aka sallami mutumin. Muna fitowa ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, bakinka da zaƙi. Ka biyo gida da yamma, akwai sauran cinya."

To, wannan bakin ne ya mutu murus ranar da na zo Zingisa. Ina ta kame-kame, Dumile na lulluɓe da jan bargonsa yana kallona, har ya gaji ya ce, "Lauya, tun da ka zauna kake yabon masararmu. Masarar kake so ko ƙanwata?" Ban ba shi amsa mai kyau ba, don kina bayan ƙofa ina jin dariyarki. Yanzu ga amsar a rubuce: ke nake so, kuma ba ni da niyyar dainawa.

Ki gaishe da Mama. Ki huta lafiya.

Naki,
Kaleb Sondlo

*

Zingisa
Afrilu, 1879

Zuwa ga Lauya Sondlo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya kuma bayan naka? Mu duk lafiya lau, an fara cire masarar nan da ka yaba.

Na karanta wa Yaya labarin mai tunkiya, ya yi dariya har da tari. Daga baya sai ya ce, "Mutumin da zai iya wanke ɓarawo, ki tambaye shi ko yana iya barin gaskiya yadda take." Na ce masa kishi yake yi. Ka yi masa uzuri. Tun da Baba ya rasu shi ne ubana. Shi bai taɓa shiga aji ba, bai kuma yarda da coci ba, amma dokinsa ya sayar ya kai ni makarantar mishan, ya dawo gida a ƙasa. Duk harafin da kake gani a takardar nan, daga dokin nan ya fito.

Ya ce ka turo manyanka. Mama ta ce ka zo da kanka ma, ta ga ko ka ƙara ƙiba, don a cewarta ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da iska za ta iya ɗauka ba. Na dai ɗinka labulen taga guda biyu, ban san ko ɗakin naka yana da taga ba.

Ka huta lafiya.

Nomalizo

*

Mtonjeni
Fabrairu, 1881

Uwargidana abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Yaya nauyin jiki? Tun da kika tafi goyon ciki gidan nan ya zama kango, ko wake da masara na dafa ba ya yin ɗanɗano.

Maganar Dumile ce ta sa na rubuto da gaggawa. Boren da aka yi kan karɓe bindigogi ya mutu, kowa ya sani, sai shi da mutanensa da suka rage a kan dutse. Na zauna da majistare, ya ba ni kalmarsa cewa duk wanda ya sauko da ƙafarsa ya ajiye bindiga, za a rubuta sunansa kawai a bar shi ya koma gona. Na aika mutum biyu, Dumile ya kore su. Ya ce ba ya jin maganar mai wandon Turawa. Ke kaɗai zai saurara.

Na san halin da kike ciki, kuma raina bai so ki hau dutse ba. Amma in sanyi ya shigo suna can, yunwa za ta gama da su ko soja bai harba ba. Ki gaya masa ni zan tarye shi a bakin gari, ni zan tsaya kusa da shi har a gama. Surukina ne, kawun ɗan da ke cikinki.

Ki kula mini da kanki.

Mijinki,
Kaleb

*

Zingisa
Maris, 1881

Maigida,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni da Mama lafiya, sai ƙafafuna da suka kumbura.

Na hau. Mama ta yi kuka ta ce in bari, na ce mijina ba zai tura ni banza ba. Da na isa kogon da suke ɓoye ban gane Yaya ba. Ya rame, gemu ya cinye masa fuska, ƙafarsa ɗaya a ɗaure da tsumma. Yana ganina ya miƙe yana faɗa: "Lizo, kin haukace? Da wannan tulun a gabanki kika hawo nan?" Sai kuma ya cire bargonsa ya shimfiɗa mini, ya ba ni ɗan naman da ya rage musu.

Na karanta musu wasiƙarka, na sake karantawa. Mutanensa suna ta gunaguni, wani Mpondo, mijin Nosisa maƙwabciyarmu, ya ce kalmar majistare ba ta kai tofin yawu ba. Yaya ya ɗaga masa hannu, ya dube ni ya ce, "Ni ban san majistare ba, ban kuma gama sanin mijinki ba. Ke na sani. Kin yarda da maganar nan?" Na ce na yarda da ita kamar yadda na yarda da sunana. Ya ce, "Shi ke nan. A tattara."

Za su iso gare ka ranar Litinin. Na rubuta maka inda kogon yake da yawan bindigoginsu a bayan takardar nan, don ka san abin da za ka tara. Ka sa a duba masa ƙafar nan kafin komai, ta fara wari. Ban taɓa alfahari da kai kamar yau ba. Matan garin nan sai shigowa suke suna sa maka albarka, Nosisa har da kawo ƙwaryar kindirmo.

Taka har kullum,
Nomalizo

*

Zingisa
Afrilu, 1881

Kaleb,

Ina gaishe ka, don an koya mini fara wasiƙa da gaisuwa. Lafiyarka kuwa na gan ta da idona.

Ba ka san na zo ba. Da aka kwana biyu babu wanda ya dawo, babu kuma saƙo daga gare ka, sai na hau keken shanun masu kai ulu, na ce wataƙila rubuta sunayen ne ya ɗauki lokaci. Ban tsaya gida ba, na wuce kotu, na zauna a bencin baya cikin mata.

Aka shigo da su a jere, da mari a ƙafa. An ɗaura wa Yaya ƙarfen a kan ciwon nan da na ce ka duba. Na yi ta neman ka kusa da shi, inda ka ce za ka tsaya. Tsohon Baturen nan mai barci ne a wurin. Sai na gan ka a ɗaya gefen, cikin sabuwar baƙar kwat da ban san ka da ita ba, kana jera takardu a teburin gwamnati.

Na ce a raina wata dabara ce irin taku ta lauyoyi. Har ka miƙe ka fara magana ina faɗa wa kaina haka. Bakinka da zaƙi, Kaleb, ban taɓa jin ka a kotu ba sai ran nan. Ka kira shi madugun 'yan tawaye. Ka faɗi inda kogon yake da yawan bindigoginsu, abin da ni na ba ka labari. Yaya bai san Turanci ba, yana ta kallonka yana gyaɗa kai, yana tsammani kare shi kake yi, har sai da tafinta ya juya masa maganar.

Da aka yanke musu shekara goma da aiki mai tsanani, majistare ya yaba maka a gaban kowa. Ya ce tun watan Janairu, ranar da ka karɓi aikin lauyan gwamnati, ka yi masa alkawarin za ka kawo su ba tare da an ɓata harsashi ba. Janairu. Wata guda kafin ka rubuto mini. Ka manta dokin Yaya ya koya mini Turanci.

Da za a fita da su ya hango ni. Na so ya zage ni. Sai ya ce, "Lizo, wa ya kawo ki cikin zafin nan? Koma gida ki ɗaga ƙafafunki." Ɗan sanda ya tura shi gaba.

Yanzu in na je marmaro ɗibar ruwa, mata sai su ɗauke tulunansu su matsa. 'Ya'yan Nosisa sun daina zuwa makaranta. Ba su san ka ba, ni suka gani na hau dutse.

Abu ɗaya nake so ka gaya mini: lokacin da kake rubuta cewa shi kawun ɗanka ne, hannunka bai yi rawa ba?

Nomalizo

*

Mtonjeni
Mayu, 1881

Matata Nomalizo,

Ina gaishe ki da Mama, ina roƙon Ubangiji ya sauke ki lafiya. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Ki saurare ni ko sau ɗaya. An riga an kawo igwa biyu bariki. Da ba su sauko ba, da an rufe bakin kogon da su a ciki, da yanzu makoki kike yi. Majistare rataya ya so. Ni na ce in na kawo su da rai, ba za a rataye ko ɗaya ba, kuma ba a rataye ba. Da wani ne ya tsaya a teburin nan, ba ni ba, da igiya ya nema. Shekara goma tana ƙarewa, Nomalizo.

Kin ce me ya sa ban gaya miki ba. Don ba ki iya ƙarya ba. Da kin sani, da Dumile ya gani a fuskarki tun kafin ki buɗe baki. Dole sai kin yarda kafin shi ya yarda. Na san da ciwo, amma na auna na ga babu wata hanya, kuma ko yau aka dawo da ni can haka zan yi.

Aikin kuwa, ba a taɓa ba wa baƙar fata shi a yankin nan ba. Daga ciki zan fi yi wa mutanenmu amfani. An ba ni gida mai ɗaki uku kusa da kotu. In kin yi arba'in zan turo keken doki. Ɗana ba zai tashi a garin da ake juya wa uwarsa baya ba, kuma kin san a al'ada da doka duka, wurin ubansa ne wurinsa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Kaleb

*

Zingisa
Yuli, 1881

Zuwa ga Lauya Sondlo,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya a sabon gidanka. Na sauka lafiya, namiji ne, yana da ƙoshin lafiya. Mama na gaishe da mahaifiyarka.

Na karanta wasiƙarka har na haddace. Wataƙila gaskiya ne maganar igwa. Wataƙila ka ceci wuyansu. Ni ba lauya ba ce, ba zan iya kayar da kai a gardama ba. Abin da na sani, ka zauna ka auna, ka ga cewa matarka mai ciki ita ce igiyar da ta fi dacewa a jawo yayanta da ita, kuma ka ce gobe ma haka za ka yi. Na yarda da kai a wannan.

Fasto ya kawo labari daga kurkukun bakin teku. An yanke wa Yaya ƙafar daga gwiwa. Yana raye. Ya aiko a tambaya ko na haihu.

Ka yi maganar al'ada, to ga ta. Kawunnaina sun zauna, sun ce a mayar wa danginka shanun aurena. Ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi game da ni da yaron: a al'adarmu in shanu suka koma, aure ya mutu, ɗa kuma ya zama na gidan uwarsa. Matsalar ita ce soja sun kwashe rabin garkenmu a matsayin dukiyar ɗan tawaye, abin da ya rage bai kai ba. Kawunnai suka cika abin da za su iya, aka rasa ɗaya.

Shekaranjiya da safe ina wanke wa yaro jiki sai ga Nosisa a ƙofar gida, riƙe da igiyar karsanarta, ita ke nan mata tun da aka tafi da Mpondo. Rabon da ta yi mini magana tun ranar kotu. Ta ɗaure ta a shingenmu ta ce, "Ga ta nan, a cika. Da na zaci da ke aka haɗa baki. Wadda aka haɗa baki da ita ba ta mayar da shanu." Sai ta karɓi yaron daga hannuna ta ce ruwan ya yi sanyi, ban iya komai ba, ta ƙarasa masa wankan da kanta.

An kora shanun jiya, za su isa gidan mahaifinka kafin wannan ta same ka. Kada ka wahalar da doki, ba zan hau ba. Na san za ka ce a coci aka ɗaura auren, shanu ba sa kwance shi. In haka ne ka kai ƙara, kotun tana kusa da gidanka. Zan zo da goyona in tsaya, ka yi mini tambayoyi da bakinka a gaban mutane.

Ka huta lafiya.

Ni ce,
Nomalizo, ƙanwar Dumile