'Yar Yayata Ce

Zango, Wagadugu
14 ga Mayu, 2003

Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da mutanen gida. Ya zafin Maradi? Gero da kukar da kika aiko ta hannun Tanimu direba sun iso, Allah ya saka.

An yi sadakar arba'in, jama'a sun watse, yanzu ne ɗakin ya yi mini girma. Har gobe in na ji ƙarar mota a bakin lungu da la'asar sai in miƙe in cika buta, sannan in tuna.

Kin san shekara goma sha ɗaya marigayi yana tuƙa motar yara a makarantar nan ta 'yan mishan, inda 'ya'yan Nasara da na ofisoshin jakadanci ke karatu. Ashe suna da doka, ma'aikacin da ya cika shekara goma ana ɗaukar masa ɗa guda kyauta. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya nema wa 'yarki gurbin. Bai gaya mini ba, ina jin jira yake ta tabbata.

Ranar Talata shugabar makarantar ta zo da kanta, tunda ina takaba ba na fita. Wata doguwar Baturiya, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce mata ba. Ta zo da sakatariyarta, 'yar ƙabilar Mosi mai Hausar kasuwa. Sun ce yara goma sha biyar ne a aji. Yaya, inda take yanzu su casa'in da biyu ne, huɗu a benci. Za a koya mata Ingilishi a kan Faransancinta. Akwai ɗakin littattafai da yaro ke ara ya zo da shi gida, akwai nas, akwai abincin rana, kuma tun ban tambaya ba ta ce ba a ba 'ya'yan Musulmi alade. Mota ta ɗauke ta da safe, ta maido ta ƙarfe uku. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce kowace safiya ana karatun Linjila da waƙa, kowa yana zama, amma ba a ce wa yaro ya bar addininsa.

Abu ɗaya ne ya ba ni kunya. Ɗaki cike da dangin marigayi, ta nuna yarinyar ta ce, "Wannan 'yarki ce?" 'Yar fari fa! Na sunkuyar da kai na ce 'yar yayata ce da ke Maradi, can ma aka haife ta. Ta ce sunanta? Na yi shiru, kin san sunan surukata ne, sai wata ta faɗa. Ta ce me ta fi iyawa? Na ce ba abin da ta iya sai ci da wasa. Mata suka yi dariya, suka ce Dela akwai kara. Ita dai ta rubuta a littafinta, ta dube ni, ta dubi yarinyar, suka yi sallama.

Maganar rushe unguwa ta tabbata, an sa wa bangonmu lamba da jan fenti. Ban san inda za mu nufa ba tukuna.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Dela

*

Wagadugu
2 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Malama Dela, iyalin marigayi Hamadu,

Gaisuwa mai yawa tare da ƙara yi miki ta'aziyya. Ni ne Illiya, mai dafa abinci a makaranta, mutumin Tsibiri. Shekara tara muna shan shayi ni da Hamadu a gindin mangwaron bayan kicin, shi ya yi sallarsa, ni in yi addu'ata. Na rubuto ne don na san bai dace in zo ba kina takaba.

Malama, an samu matsala. Takardar da Hamadu ya cike ta ce Zulaihatu 'yarsa ce. Ke kuma kin ce 'yar yayarki ce. Gurbin nan na ɗan cikin ma'aikaci ne kaɗai, saboda an taɓa kawo musu ɗan ƙane aka ce ɗa ne. Madam shugabar makaranta ta dawo ranar ranta a ɓace, tana ganin Hamadu da ta amince da shi ya yi mata ƙarya.

Da na ji na dafe kai. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari har bakina ya bushe. Ta ce ta yarda da ni, amma ba ta iya kai wa kwamiti maganar kuku a kan maganar uwa. Suna son takardar haihuwa ta asali, kuma ki zo ki faɗa da bakinki. Kwamiti zai zauna ranar takwas ga Agusta. In ba a samu ba, gurbin zai koma ga wani ma'aikacin, shi ma yana da yaro yana jira.

Ki gafarce ni in na shiga abin da ba nawa ba. Allah ya ba da haƙuri.

Naki cikin girmamawa,
Illiya

*

Zango
6 ga Yuni, 2003

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Ga wasiƙar wani abokin aikin marigayi na haɗo miki, ki sa Alhaji ya karanta miki sau biyu.

Kin ga abin da kunya ta jawo mini? Na yi abin da Inna ta koya mana, na mai da mijina maƙaryaci yana kabari. Mutumin da in ya tsinci fensir ɗin yaro a mota sai ya bi aji-aji ya sami mai shi. Kuma matan da suka yaba mini ranar, yau su ne ke cewa ai ke ma Dela kin cika ƙauyanci, Nasara bai san kara ba. To me ya hana su faɗa a lokacin?

Takardar haihuwar tana wurinki, ke kika yanko ta a meri, ofishin magajin gari, bayan suna. Makarantar lakwal ta gwamnati sun ɗauki yarinyar haka nan, sun ce sai shekarar jarrabawa, shi ya sa ban taɓa nema ba. Don Allah ki ba Tanimu a wannan zuwan.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Jiya ina tankaɗe yarinyar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Inna, c'est vrai? Da gaske ni 'yar Inna Balkisu ce?" Na ce tafi can ki ba ni wuri. Ta ce, "To shi ya sa ba ki taɓa kiran sunana ba." Ta fita. Da rana ba ta ci abinci ba. Yarinyar da ta yi shekara huɗu a hannunki bayan yaye, ta ji ni da kunnenta na faɗa wa Baturiya, me zai hana ta yarda? 'Ya'yan Wagadugu ba su san waɗannan abubuwan ba, Yaya. Kuma ba ta da uban da za ta tambaya.

Ina jiran Tanimu.
Dela

*

Maradi
20 ga Yuni, 2003

Dela,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta sauka, an yi shuka.

Na ji duk abin da kika ce. Ni kuwa gani nake Allah ne ya kama bakinki ranar. Ke ba ki ga ishara ba? Ki ɗauki 'yar Musulmi ki kai ta inda za a buɗe mata rana da waƙar coci, don an ce miki akwai shinkafa da nas? Su ce ba sa tilastawa, ai ruwa ma ba ya tilasta wa garin ƙasa, jiƙa shi yake a hankali. Ta zauna da 'ya'yan jakadu, ta dawo ta tarar da ke kina suyar ƙosai, da wane ido za ta dube ki?

Kuma wai ina za ta dawo ɗin? Ke da kanki kin ce an sa wa gidan lamba. Mace ba miji, ba ɗaki, a ƙasar mutane. Ki gama takaba ki tattaro ki dawo gida. In kuma kin ƙi, ki turo mini Zulai. Gadonta na nan inda ta bar shi, ga islamiyya a ƙofar gida.

Kin ce wa Baturiya 'yata ce. To ba ki yi ƙarya ba. Wa ya goya ta da ta yi ƙyanda? Wa ya koya mata Fatiha? Ubanta ya zo ya ɗauke ta rana ɗaya wai za a sa ta boko, ban ce uffan ba, don shi ke da iko. Yanzu ba ya nan, Allah ya jiƙansa.

Takarda tana cikin akwatina, ba ta ɓata ba. Can za ta zauna.

Alhaji yana gaishe ki.
Yayarki, Balkisu

*

Zango
9 ga Yuli, 2003

Yaya,

Na gaishe ki. Sati biyu na ɗauka kafin in iya riƙe biro.

Ban taɓa musun rainon da kika yi ba. Amma ki ji. Tsoron da kike ji ni ma ina jin sa, ba na ce babu ba. Abin da ya kwantar mini da rai shi ne ba makarantar kwana ba ce. Ƙarfe uku tana gabana. La'asar tana islamiyya. Abin da aka zuba mata da safe zan ji shi da yamma, ni zan tace. Ubanta ya shekara goma sha ɗaya yana jin waƙar nan ta tagar mota, bai taɓa rasa jam'i ba. Da ya ga mugun abu da bai kai 'yarsa ba.

Na sami ɗaki a Dapoya, motar makaranta tana bi ta bakin titin. Maradi kuwa ba zan dawo ba, nan kabarinsa yake.

Miji ya tafi, unguwa za ta tafi, maƙwabtan shekara goma kowa na neman inda zai dosa. Ita kaɗai ta rage mini, Yaya, ita kuma kike cewa in turo?

Ki aiko da takardar.
Dela

*

Dapoya
10 ga Agusta, 2003

Yaya Balkisu,

Ina gaishe ki. Sau uku ina aikawa tasha, Tanimu ya ce ba ki ba shi komai ba. To ga abin da ya faru.

Na fita takaba, mun tare a Dapoya. Ranar Alhamis na kama hannun yarinyar muka je makarantar. Fitata ta farko ke nan mai nisa. Da muka shiga sai ga motar da marigayi ke tuƙawa a inuwa, wani na wanke ta. Na tsaya na kasa gaba, sai da Malam Illiya ya zo ya ce, "Malama, mu je, Madam na jira."

Shi ya yi mana tafinta. Madam ta ce ina takarda? Na ce babu, yayata ta riƙe. Ta ce to me na zo da shi? Na ce bakina. Na so a fitar da yarinyar, ta ce a'a, ai a gabanta aka yi ta farko.

Yaya, wallahi naƙuda ta fi mini sauƙi. Na ce, "Wannan 'yata ce. Ni na haife ta ranar Laraba da hantsi a ɗakin innarmu. Hamadu ne ubanta, bai yi muku ƙarya ba. Sunanta Zulaihatu." Ban ɗago kai ba. Ta ce me ta iya? Na ce ta iya lissafi fiye da ni, ita ke karanta wa ubanta takardar magani a asibiti, kuma in na yi kuka ita ke rufe ƙofa don kada mutane su gani. Malam Illiya ma ya tsaya yana share ido da hularsa ta kicin, Madam na jiran fassara.

Muka kamo hanya har kusa da kasuwa. Can yarinyar ta ce, "Inna, sake faɗa." Na ce ke, ba na son iskanci, sau ɗaya aka ce. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun ubanta na da rai.

Kwamiti sun zauna. Sun yarda ta fara ranar ashirin da biyar ga wata, amma da sharaɗi. In takardar ba ta zo ba zuwa ƙarshen Satumba, za su ba wancan yaron. Ba zan sake roƙonki ba, Yaya, bakina ya gaji. Ki dai sani in aka cire ta bayan ta fara, zan gaya mata dalili, don na daina yi mata ɓoye-ɓoye.

Ki gaida Alhaji.
Dela

*

Maradi
17 ga Satumba, 2003

Dela,

Na gaishe ki. Ga takardar, na naɗe ta a leda saboda ruwa.

Kafin in ba Tanimu na sa Alhaji ya karanta mini ita tun daga sama har hatimi. Ga sunanki, ga na ubanta, har na unguwarzoma. Nawa ba ya ciki ko'ina.

Ki kula da sallarta. In an yi hutu, ki tambaye ta ko tana son zuwa. Kada ki tilasta mata.

Balkisu