Na Shigar da Kujerata

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya jikoki?

Autana ya saya mana gida a unguwar masu hali, ɗaki biyar da fili mai ciyawa. Lafiyata lau, sai dai shiru. Idan ya tafi aiki, nakan fito da kujera ƙofar gida don in gaisa da maƙwabta, amma kowa a mota yake wucewa.

Jiya wata mata ta tsaya, har na miƙe da murna. Ta ce, "Baba, ɓata ka yi? A kira maka wani?"

Auta ya ce in daina fitowa. Na daina.

Likita ya hana ni doguwar tafiya, don haka kada ki sa ran ganina. Ki riƙa bugo waya da safe, ko babu labari, in ji an ce mini ina kwana.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki