Minsharin Babanku

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Hauwa da yara, ya zaman Legas?

Hankalina ba a kwance yake ba. Jinin babanku ya ƙi sauka duk da magani. Likita a Kura ya tambaya ko yana minshari, babanku ya ce, "Ni ban taɓa ji ba." Na ce numfashinsa ma ɗaukewa yake cikin barci, sai na ja ƙwayar carbi goma kafin ya dawo. Shekara da shekaru ina cewa gajiyar ban-ruwa ce! Likita ya ce ɗaukewar tana iya tayar da jini, a je Kano gwaji. Babanku ya ce sai an kwashe tumatir.

Ka kira shi yau, maganarka yake ji. Ku yi mana addu'a, ka gaida kowa. Ni dai kullum carbina yana hannu.

Innarka