Ranar da Na Buɗe Ƙofa Biyu

Yaya Leelamma,

Gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Na iso lafiya. Aikin dai ƙofa biyu ce a bakin magudanar ruwa. Kwalekwale ya shigo tsakani, mu rufe ta baya, sannan mu buɗe ta gaba. Baba Kuttappan, mai riƙe da makulli, ya ce ko uwata ce a jirgi kar in buɗe biyun tare. Na ce me ya sa? Ya ce, "Kai da tambaya kamar ɗan sanda." Masu jirgi kuwa sai tsiya: "Ɗan kan dutse, sai kwakwarmu ta tsiro za ka buɗe?" Ni ban gane ba, ruwa ai ruwa ne.

Ƙaninki,
Thankachan

Thankachan,

Muna gaishe ka. Inna da sauƙi. Ka bi maganar tsohon. Tun da ƙasa ta zaftare ta binne gonarmu, aikin nan naka kaɗai muke kallo.

Yayarki Leelamma

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi ɓarna. Ran Talata Baba ya bar mini makulli ya tafi a duba masa ido. Jirage suka yi layi, rana ta yi zafi, na ga ruwan ciki da na waje kansu ɗaya. Sai na buɗe duka biyun har yamma. Masu jirgi suka yi ta sa mini albarka, wani har kifi ya jefo mini.

Bayan kwana biyar shinkafar ƙauyen da ke shan ruwan magudanar ta yi ja. Wata tsohuwa, Sarasamma, ta zo ba ta zage ni ba. Ta ɗebo ruwan gonarta a tafin hannu ta ce, "Sha, ɗana." Yaya, gishiri ne. Ashe na waje ruwan teku ne, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Da mutanen ofis suka zo, Baba ya ce shi ya manta ya bar ƙofofin a buɗe. Sun karɓe makullin, shekara talatin da ɗaya yana hannunsa, sun ba ni. Kullum da safe yana zuwa ya zauna a bakin ƙofar, ba ya kallona. In je in faɗa musu gaskiya?

Ƙaninki,
Thankachan

Thankachan,

Gaisuwa. Na karanta wa Inna. Ta ce ka kama bakinka, ka riƙe aikinka. Ni kuwa na share maka ɗakinka, in ka faɗa suka kore ka, ka dawo gida.

Leelamma