Gashin Bakin Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan sai godiya. Umma tana nan garau in ban da gwiwar da ka sani, ni kuwa na zama direba, na zama 'yar aike, har da mai gadin ƙofa. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya Baba ba ya barin kowa ya ba ka labari, fizge wayar yake ya ce maka shi ƙalau yake.

Ka san kullutun nan na wuyansa da likita ya ce sankara ce. To an fara yi masa allurar, wani magani ja wur da ake ɗura masa ta jijiya tare da ƙarin ruwa. Ranar farko Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, ta zaunar da mu ta yi mana bayani tiryan-tiryan. Ta ce maganin yana bin ƙwayoyin cutar yana kashewa, sai dai yakan haɗa da na kirki, shi ya sa garkuwar jiki ke rauni. Ta ce in ya ji zafi a wurin allurar ya yi magana nan take, kada ya yi dauriyar maza. In fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne, amma in zazzaɓi ya taso, kada mu tsaya ba shi magani a gida, mu kawo shi da gudu. Ta hana shi reza, ta hana shi zaman shagonsa na aski inda kowa ke tari a kansa, ta kuma miƙa masa takunkumin fuska. Da ta zo kan zubewar gashi, sai Baba ya cire hula ya nuna mata sanƙonsa yana ƙyalli, ya ce ai ɓarawo ba ya sata a kango. Har marasa lafiya na gadajen kusa sai da suka dara.

Takunkumin nan kuwa, Yaya, yaƙi muka sha a kansa. Ka san Baba da gashin bakinsa, wanda yake tajewa kafin ya gaisa da kowa da safe. Ya ce shi ba zai rufe abin da ya yi shekara da shekaru yana kiwo ba. Tashin zuciya da kasala duk ya jure, abinci ya daina yi masa ɗanɗano bai yi ƙorafi ba. Mu kuma, gidan mai aski guda, babu wanda ya kawo a ransa cewa gashi ba a ka kaɗai yake ba. Bayan allura ta biyu, yana cikin tajewa, sai rabin gashin bakin ya biyo matajin.

Wallahi na so in yi dariya, amma da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Ya rufe ƙofar ɗaki, ya ce shi da asibiti har abada, a bar shi da kullutunsa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin likita ya riga ya faɗa mana cewa in aka yanke maganin a tsakiya cutar na iya dawowa da ƙarfinta. Na yi lallashi, na yi fushi, na ce masa bayan wuya sai daɗi, ya ce in riƙe karin maganata.

Ana gobe ranar allura, Umma ta ɗauko injin askinsa ta shiga ba tare da ta nemi izini ba. Ina daga bakin ƙofa na ji ta ce, “Malam, gashin baki na aura ko kai? Shi zai sake tsirowa. Kai fa?” Mutumin da bai taɓa yarda wani mahaluƙi ya taɓa masa fuska ba, sai ga shi ya ɗaga haɓa ya rufe ido. Amma fa bai fasa koya mata yadda ake riƙe inji ba. Da ta gama ta ce tun da aka ɗaura musu aure yau ta fara ganin leɓensa na sama, ashe ma kyakkyawa ne yake ɓoyewa.

Washegari shi ya riga ni shiga mota, da takunkumi har zuwa ƙasan ido. Yanzu ko tsakar gida ba ya fitowa sai da shi. Sista ta yi ta yabonsa wai ya fi kowa bin doka, ni da Umma muka haɗa ido muka ƙunshe dariya. Kuma albishirinka, likita ya taɓa wuyan ya ce kullutun ya ragu sosai. Saura tafiya, amma hankalinmu ya kwanta, ka ci gaba da sa shi a addu'a.

Ka gaishe mini da Anti, da 'Yan Biyu, da Sarkin Kuka, Allah Ya raya mana su. Umma tana sa muku albarka. In ka kira ta bidiyo, don Allah ka riƙe dariyarka. Baba kuma ya ba ni saƙo: wai kada ka kuskura ka aske naka don tausayinsa, ka riƙe masa shi amana, domin in ya warke da naka zai auna nasa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta