Ban Kashe Waƙar Ba

Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya maigida da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Kafanchan lafiya lau.

Ranar Asabar na je kallon mawaƙan da suka zo daga Kagoma. Tun rasuwar maigidana Bulus ban taka rawa ba sai ranar. Na cashe har zanina ya jiƙe, na kuma sayo faifansu.

Washegari bayan sujada a coci ina dama gwaten acca, waƙa tana tashi, sai ga Markus, wan Bulus. Ya ce, "Gwauruwa a filin rawa? Kin kunyata gidanmu. Kashe abin nan!"

Na ce, "Yaya, shekara biyu ina kukan ƙanenka, ba wanda ya leƙo ni. Sai da na yi dariya kuka gane hanyar gidan?"

Na ƙara wa waƙar murya. Ya fita bai ci gwaten ba, na cinye rabonsa.

Wai zai kai ni gaban dattawa. Ki sa ni a addu'a, kada muryata ta yi rawa a gabansu. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Saratu